Kada Inna Ta Sayar da Aladenta

Kawu Waim, wai saƙo ya shigo wayarka da lambata, cewa ina kwance a asibiti a nan birnin Lae?

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah ya sa kana lafiya, ya ba Inna sauƙin gwiwarta, ya sa albarka a gonar dankali. Ni ƙalau nake, ko ciwon kai ban yi ba, ina ta dakon buhunan kabeji a kasuwa.

Ranar Talata wani ya kira ni, ya ce shi surukinmu ne, wan mijin yayata Moro. Har ya tambayi jaririnta. Ya ce wasu lambobi shida nasa sun faɗo wayata bisa kuskure, in karanto masa. Kawu, ka san mu ba ma kama sunan suruki, balle in buɗe baki in ce masa wane ne kai. Na karanto masa, har da godiya. Kafin yamma layina ya mutu murus, ya koma hannunsa. Kaupa da muke ɗaki ɗaya ya yi ta dariya har goro ya shaƙe shi, wai ɗan kan dutse ya sauko gari, an yi masa wankan farko. Na je ofishin waya, matar ta ce ai layin ba sunana ke kansa ba, sunan wanda ya sayar mini ne a gindin mangwaro. Na koma gindin mangwaron, babu shi, sai wata mai gyaɗa.

To wa ya gaya masa sunan Moro? Mai sayar da layin ne? Ko Kaupa, da kullum ke aron wayata? Ban sani ba, amma da ɗan gari akan ci gari. Yanzu ko gaishe ni aka yi sai na waiwaya.

Wani ɗan ƙauyenmu ya ce an roƙe shi kuɗin magani da sunana. Ka san Inna, tana ji za ta ja aladen nan kasuwa, wanda shekara uku take kiwo don auren yayana Gende. Don Allah ka tare ta. Duk wanda ya kira ya ce ni ne, ka tambaye shi daga kan wace bishiya na faɗo na karye. Ko ya ce shi suruki ne, ka tambaye shi sunansa, kunyar ta hau kaina.

Ka gaishe da Inna, da Gende, da Moro da jaririnta. Direban motar garin Kundiawa da zai kawo takardar nan ya tada mota, dole in tafi.

Ɗanka,
Nime