Uwar Tsiwa Ta Je Kallon Husufi

Litinin, 3 ga wata

Maigida ya shigo da wata sabuwa. Wai mako mai zuwa za a yi husufin rana. A nan rabi za a gani, amma in an yi tafiyar yini guda, can rana za ta rufe ruf. Wai mu je. Na ce duhu zan tafi kallo? Kullum ana ɗauke wuta ina ganinsa kyauta. Ya yi dariya har da tari. Ni dai ba inda za ni, wa zai duba min kaji?

Laraba, 5 ga wata

Ya sayo tabarau na kwali, irin wanda ake kallon rana da shi. Ya saka yana yawo a tsakar gida, ya yi karo da bokitin ruwan kaji. Tsofai-tsofai da shi!

Alhamis, 6 ga wata

Yau ba wasa a bakinsa. Ina tsintar ƙwai ya tsaya bakin akurki ya ce, "Hajiyar kaji, na yi direba har furfura. Duk wanda kika sani na ɗauke shi a gaban mota, ban da ke." Ashe likitan ido ya ce daga bana ya bar doguwar tafiya. Wannan ce ta ƙarshe. Na ce ai ban hana shi zuwa ba. Ya ce, "In ba ke, na fasa."

Gaskiyarsa ne. Tun da na fara kiwon nan ban taɓa kwana a waje ba. Har ƙwai ya suɓuce min.

Lahadi, 9 ga wata

Ƙanwata ta zo. "Yaya, kaji ne fa, ba jarirai ba. Ba ni makulli." Na nuna mata yadda ake haɗa abinci, da wanke mazubin ruwa, da wadda ke fasa ƙwanta in an yi sakaci. Ta ce ko ranar da ta fara aikin asibiti ba ta sha bayani haka ba. Ban dai ba ta makullin ba tukuna.

Da yamma maigida ya ce wai in rana ta rufe, kaji kan kwanta, su zaci dare ne. Ƙarya! Kaji ba sakarkaru ba ne. Musu har shayinsa ya huce.

Talata, 11 ga wata

Na yarda, amma da sharaɗi: da Uwar Tsiwa za mu, jar kazata mai wayon tsiya. In ta kwanta, ya ci musu. Ya ce ko akurkin zan ɗauka ya yarda. Yana can yana wanke mota yana waƙa, muryar nan kamar ta tsohon zakara.

Laraba, 12 ga wata

Mun iso. Uwar Tsiwa ta yi ƙwai a kwando muna tsakiyar hanya. Na yi ta kiran ƙanwata har ta daina ɗauka.

Ashe haka yake tuƙi! Hannu ɗaya a sitiyari, kowace gada da labarinta: nan taya ta fashe masa, can fasinja ta haihu. Shekaru muna tare, ban san yana da hira haka ba. Ko dai ni ce ban taɓa zama na saurara ba.

Mai masauki ya ce ba a kwana da kaza a ɗaki. Tana banɗaki, ba wanda ya sani.

Alhamis, 13 ga wata



Fili cike da mutane, kowa da tabarau na kwali. Na ɗaure wa Uwar Tsiwa igiya a ƙafa, na ce ni ita na zo kallo. Rana ta yi ta raguwa. Haske ya koma wani iri, iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka yi tsit. Sai kawai, ɗif. Aka yi ihu, aka ce a cire tabarau. Na ɗaga kai. Baƙin faifai a sama, farin haske na tsiyaya ta gefensa, ga tauraro da rana tsaka. Salati kawai nake. Ban san na damƙe hannunsa a gaban jama'a ba.

"Kin gani?" in ji shi.

"Na gani."

Da gari ya sake wayewa ya ce, "To, ta kwanta?" Muka dubi juna. Ba wanda ya kalle ta! Tana can tana tonon ƙasa abinta. Mun yi dariya har na zauna a ƙasa. Rabon da in ji daɗi irin na yau, na manta.

Asabar, 15 ga wata

Gida. Kaji lafiya lau, ko ɗaya ba ta rame ba. Abin ya ɗan ba ni haushi.

Litinin, 17 ga wata

Tun jiya maigida ya rufe motar da tamfol, ya zauna shiru a inuwa. Ba na son shirun nan.

Da na je sayen dusa na bi ta tashar jirgin ƙasa. Hanya ce ta bi da ni, ba wani abu ba. Wai akwai mai zuwa har bakin teku. Likita tuƙi ya hana, bai hana zama kusa da taga ba, kuma mutumin nan bai taɓa zama fasinja ba.

Tambaya kawai na yi. Kujerun nan biyu da na saya mana ma, ai mai sayar da tikitin ne ya matsa min.