Hatiminku na Bango, Hannuna na Cikin Ruwan Guba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ke ba da izinin binciken lafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni mai wanki ce a wani kamfanin jimar fata a Challawa, kuma ina da ciki wata biyar. Na yi ɓari sau biyu a wannan aikin. Tsoro nake ji, shi ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Bara masu bincike suka zo auna illar sinadarin jima a jikin ma'aikata. Sunaye suka karɓa daga rajistar kamfani. To mu mata ba ma cikin rajista. Ɗan kwangila ne ke tsintar mu a bakin get kowace safiya. Muna kallo aka jera maza, aka ɗibi jininsu, aka auna iskar ɗakin injin. Bayan gini, inda muke wanke kayan aikin mazan da buhunan sinadari da hannu, ko leƙawa ba a yi ba.

Na biyu. Sakamako ya fito, aka manna shi a bango: ma'aikata ba sa cikin haɗari. Na yi sakandare, na karanta da idona, na ga hatiminku a ƙasa. Waɗanne ma'aikatan? Mazan suna da safar hannu da takalmin roba. Ni da na roƙi safa, takardar nan sufabaiza ya nuna min da yatsa, ya wuce abinsa.

Na uku. Ban ce kun yi da gayya ba. Amma an kawo muku tsarin bincike babu mace ko ɗaya, babu tambaya kan ciki ko shayarwa, kuka sa hannu. A cikinku ba a samu wanda ya tambaya ko mata na aiki a wurin ba? Wallahi abin nan ya ci min rai.

Roƙona shi ne a zaunar da ku a horar da ku, ranka ya daɗe, komai girman karatunku. Duk binciken da ya zo gabanku ku riƙa tambaya: mata nawa ne a ciki, wane aiki suke yi, kuma an ware sakamakonsu daga na maza? Ku daina yarda da rajista ita kaɗai. Ku sa mace a kwamitin, wadda za a saurari maganarta. Sannan ku sa a dawo a auna mu, a cire takardar nan kafin lokacin.

A wurin awo ungozoma ta tambaye ni abin da ke cikin ruwan da nake wanki da shi. Na ce ban sani ba. Ta ce in bar aikin, ni kuwa ba ni da wani. Saura min wata huɗu, kuma gobe ma zan tsoma hannu.

Allah ya ƙara muku basira, ya kare matanku da 'ya'yanku daga irin wannan zulumi.

Wassalam.

Rabi mai wanki,
Panshekara.