Jajayen Turakun da Kuka Bari a Gonarmu

Zuwa ga Shugaban masu binciken ƙasar fadama da suka zo Haɗeja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne manomin da ma'aikatanka suka tarar a gonar bakin kogi bayan ruwa ya janye bana.

Na ɗaya. Sun ce mini a cikin laka akwai wasu halittu da ido ba ya gani, masu ciyar da shuka, kuma suna son sanin yadda ambaliya ke sauya su. Na ce bismillah, laka ai ba ta ƙarewa. Suka ɗiba a 'yan kwalabe. Iyakar izinin da na bayar ke nan.

Na biyu. Bayan kwana uku na tarar da turakun ƙarfe huɗu a kusurwoyin gonar, da jan fenti da lamba. Mu nan ba a kafa irin wannan sai an auna fili an sayar. Gonar kuwa gadonmu ce mu biyar, ba a raba ba, noma kawai aka damƙa mini. Yayata Hajiya Talatu ta tako har wurin ta gani da idonta. Na rantse mata ban sayar ba, ta ce ba yau aka haife ta ba. Magana ta kai gaban mai unguwa, ya hana kowa sa fartanya sai an gano gaskiya, ga lokacin shukar alkama yana wucewa.

Na uku. Wallahi ni ma hankalina bai kwanta da ku ba. In 'yan halittu ake nema, me ya kawo lamba? Don me aka tsallake gonar maƙwabcina? Wayar da aka ce in kira kullum a kashe take. Na so in tumɓuke turakun, na ji tsoron a ce na taɓa kayan gwamnati.

Roƙona, ka zo da kanka gaban mai unguwa da 'yan'uwana, ka faɗa da Hausa abin da kuke nema, ka rubuta cewa ban sayar muku da ko taƙi ɗaya ba, sannan ku kwashe ƙarafanku. Alkama in ta wuce akwai baɗi. Amma yayar nan ita ta goye ni, yau mako biyu ba ta amsa gaisuwata.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya sa ka ji kukana.

Wassalam.

Sale Garba, Haɗeja