Ba Mu Ajiye Ta a Juji Ba, Hannatu

Zuwa ga matata Hannatu, Maman Rahama,

Bayan gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Almasihu. A da ni nake koya wa yara su buɗe wasiƙa da fatan wanda aka rubuta wa yana lafiya. Ke kam ba sai na yi fata ba, inda kike babu ciwon ƙafa, babu layin asibiti. Mu ne nan Birnin Kudu muke fama. Idona na hagu ya ƙara dushewa. Makarantar da na yi wa hedimasta iska ta yaye rufinta, awaki ke hutawa a ajin da na koyar da lissafi. Yaran da na koya wa riƙe fensir suna wuce ni a mota, gilashi a rufe. Amma ba ƙorafi ya sa na ɗauki biro yau ba. Albishir gare ki, sai ki tanadi goro.

Rahama ta haihu. Mace ce. Tana raye.

Kin san dalilin da ya sa na ƙara wannan ta ƙarshen. Yara huɗu muka binne, ni da ke, kafin Rahama ta zo ta zauna. Bayan tafiyarki ita ma ta binne biyu a gidan mijinta Yohanna, can Gwaram. Har an fara raɗa cewa ta gaji wabin uwarta.

Tun ranar da muka rufe ki ban ƙara taka coci ba. Ban ce babu Allah ba, ban yi wautar da ta kai nan ba. Fushi nake da shi. Na zauna na yi nazari irin namu na 'yan boko, na ga kamar duk abin da ya lura muna so, shi yake ɗauka. Ƙaramin faston nan ya zo mini sau da yawa, na ba shi kujera da ruwa, na gyara masa Turancinsa, ya tafi.

Da yake mahaifin Yohanna ya rasu, ni aka ba raɗa suna. Sai Gwaggo Tabita, ƙanwar mahaifin nasa, ta kawo shawarar tsofaffi: ranar suna a kai jaririyar bayan gida a ajiye a kan juji, wata ta zo ta ɗauka kamar tsintuwa, a riƙa kiranta Ajuji. Wai in mutuwa ta ga abin da aka yar ne, ba ta waiwaya. Ta ce mini, "Malam Dauda, bokonka ya hana huɗu tafiya? To, bar mu mu gwada namu."

Kin tuna an kawo mana wannan maganar lokacin Rahama. Ni na ce canfi ne, na yi ta dogon bayani. Ke ba ki yi bayani ba, goya ta kawai kika yi, kika ce, "Kyautar da aka ba ni a hannu ba zan ajiye ta a shara ba."

Wannan karon, Hannatu, na amince da Gwaggo. Ba don na yarda mutuwa makauniya ce ba. A raina cewa na yi, gara kada Allah ya ga muna son wannan. Rahama ta dube ni dai, irin kallon nan naki.

Ranar suna da safe na hau motar Gwaram. Na zaci zan tarar da mutum kaɗan, don gidan da aka saba zuwa gaisuwar rasuwa ba a rububin zuwa sunansa. Ina shiga layin na ga babura sun tare hanya. Mata ne, daga Kiyako, daga Sara, har daga Zandam, waɗansu da ƙwaryar gero, waɗansu da sabulu da turmin zane. Rabinsu da hijabi. 'Yan zumuntar mata na gefe da tulunsu na kiɗa, an rasa mai jin maganar wani.

Inna Hajara ta Kiyako, wadda kike sayen daddawa a wurinta, ita ta tare ni a zaure. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, bakin dai yana nan. Ta ce, "Hedimasta, har yanzu kana ɗaure fuskar nan? Da ɗana ya rasu kowa ya zo ya ce in yi haƙuri ya tafi. Matarka ce ta share mini tsakar gida, ta zauna kusa da ni, ba ta ce uffan ba. Ta san ba a magana." Wata daga Zandam ta ce ke kika kwance mata goyon da ya riga ya yi sanyi, don ita ta kasa. Wata ta ce ke kika ɗura mata kunu a baki. Ni duk tsammanina in kin ce za ki unguwa, hira kike tafiya.

Na tsaya a zauren nan na kasa gaba. Shekaru ina tambayar Allah amfanin ƙananan kaburbura huɗu. Ban ce na samu amsa duka ba, kuma da za a ba ni zaɓi, 'ya'yana zan zaɓa. Amma ga shi abin da ya ƙone ki shi ya koya miki inda ake dafa wanda ya ƙone. Kin sha gaya mini, "Malam, jinƙan Ubangiji ba ya kaɗa ƙararrawa kamar makarantarka. Sai dai ka waiwaya ka ga ya daɗe da shigowa."

Sai aka miƙo mini jaririyar, Gwaggo Tabita a gaba, muka zaga bayan gida. Ga jujin: toka, ledoji, wata kaza tana tono. Na sunkuya zan ajiye ta, ta cafke gemuna da ɗan hannun nan, ta kuma sakar mini fitsari a babbar rigar da kika saya mini ta Kirsimeti. Ɗumi har cikina. Hannatu, dariya ta ƙwace mini. Rabona da irinta tun kina nan. Na ce a raina, wa nake ɓoye wa? Wanda ya ga Ɗansa a kan gicciye ya san zafin nan kafin ni. Ba ɓarawo ba ne da za a yi masa dabara.

Na miƙe na juyo da ita. Gwaggo ta ce, "In ta tafi, kai ka sani!" Na ce mata, in ta tafi, za ta tafi a matsayin wadda aka so a fili, kuma na san hannun da zai karɓe ta. Na shigo tsakar gida na ɗaga ta sama, na faɗi sunanta da muryar da nake tara ɗalibai: Hannatu. Za a riƙa kiranta Jinƙai. Guɗar Inna Hajara ce ta fara tashi. Rahama ta kifa kai a gwiwa tana kuka tana dariya. Gwaggo ta yi tsaki, sannan ta karɓe yarinyar, har aka watse ba ta ba kowa ba.

Ranar Lahadi na je coci. Wa'azin ya yi tsawo, ban canza ra'ayi a kan wannan ba. Na zauna a bencinmu, na bar miki gurbinki.

Takwararki ta fara zama yanzu. Tsoro bai bar ni duka ba, in ta yi tari gabana yana faɗuwa. Amma na daina ɓoye son da nake mata. Matan unguwa suna tsokanata wai na yi amarya, ina ce musu ita ce kaɗai ta taɓa jan gemuna ta kwana lafiya.

Ubangiji mai jinƙai, wanda ya riƙe ki, ya riƙe mana Jinƙai. Ya raya ta ta ga jikokinta. Ya sanyaya zuciyar kowace uwa da ta zo sunan nan. Ni kuma ya yi haƙuri da tsoho mai gardama, har ranar da zai kira ni. Amin.

Ki shafa mini kan yaran nan huɗu, da biyun Rahama. Ki ce wa namu sun yi 'ya, nata kuma sun yi ƙanwa.

Naki har mu sadu,
Dauda