Makaɗan da Ba Su Kira Sunan Kowa Ba

Zuwa ga Yayana Sani, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na san kuma masu bin shafina ne za su karanta, har da 'yan gidanmu da ke leƙowa ba sa cewa uffan. Su karanta. Da kai nake magana, domin kai ka bar mini wannan aiki ka tafi, ba ka bar mini bayani ba.

Maganar Nafi'u ce. Ɗanka ya same ni a zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, yana ta jan zaren bakin tabarma. Ya ce wasu matasa masu kiɗa a birnin Kwatano, can ƙetaren iyaka, sun kira shi ya shiga cikinsu, kuma ba zai taka ko bakin gari ba sai na ce masa je ka. Ba ka sani ba, ni ma sai bayan rasuwarka na sani, ashe a makarantar da ya yi a birni ya koyi busa ƙahon nan na ƙarfe mai lanƙwasa kamar lofe, wanda suke kira saksofon.

Tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In tafi fadama duba shinkafa, in tsaya a kan kunya na manta abin da ya kawo ni. In hau babur in nufi Kende, in juyo a rabin hanya ba dalili. Matarka Kulu tana kuka, wai za a bar maraya ya lalace don ubansa ba ya raye. Babbar yayarmu kuwa, Yaya Ige, takanas ta taso daga Bahindi ta karanta mini tarihin gidanmu tun daga kakan kaka, kamar ni baƙo ne a cikinsa.

Ni kuma duk inda na juya, filin firamare nake gani, ranar bikin ɗan Alhaji Bawa mai albasa.

Ka tuna? Muna samari, kai gemu ya fara tsiro, ni ina ta shafa haɓa ina jira. Alhaji Bawa ya kai albasa garin Faraku a ƙetaren iyaka, ya ga ana kiɗan zamani da lasifika, ya rantse sai ya kawo irinsa Bagudo don a san shi ba sa'an kowa ba ne. A bayan motar albasarsa aka ɗauko su, suka sauko suna atishawa. Yara ne, ba wanda ya girme ka da wani abin kirki. Wanduna masu faɗin ƙafa, suma tuli a ka. Akwai mai gita, da mai ganguna jere a gabansa, da mai ƙaramin ƙaho, da mai goge wanda aka saƙala wa waya, sai shugabansu, wani siriri mai wushirya, riƙe da irin ƙahon da Nafi'u ke busawa yanzu.

Mu kuwa kiɗa iri ɗaya muka sani. Makaɗi ya kira sunanka, ya kira na ubanka da kakanka, ka miƙe ka yi masa liƙi, a wuce kan na gaba. Don haka manyan gari suka jeru a kujerun gaba bayan la'asar, kowa da hannu a aljihu yana jiran a zo kansa. Sanƙiran Alhaji ya ja mai wushirya gefe, ya zayyana masa asalin mai gida tiryan-tiryan da Dandanci, yaren mutanen bakin iyaka. Yaron yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Kowa ya ɗauka an gama magana.

Aka tayar da injin wuta, suka fara. Mai gita ya ɗora wani abu a hankali, mai ganga ya bi shi, goge ya shigo ta gefe. Ba wanda ya buɗe baki da waƙa. Muka zaci gyaran kaya suke yi. Mata a baya suna tambayar yaushe za a fara, alhali an daɗe da yin nisa. Sanƙira ya cika ƙirji da iska yana jiran gurbin da zai jefa kirari, gurbin ya ƙi zuwa, ya saki iskar ya sake cikawa. Shi kuwa Alhaji, duk sanda ƙaho ya hau sama sai ya miƙe yana gyara babbar riga, a zatonsa ga sunansa nan tafe. Ƙaho ya sauko, shi ma ya koma ya zauna. Kana toshe baki da hularka, kafaɗunka suna rawa, ina mintsininka kada a gan mu.

Ɗan Tani, makaɗin mahauta, shi ya kasa haƙuri. A ganinsa ana wulaƙanta sana'a a gaban jama'a. Ya rataya kalangu ya faɗa fili ba wanda ya gayyace shi, ya buga taken Alhaji Bawa da ƙarfi don ya nuna wa yaran yadda ake yi. Alhaji ya washe baki, ya fito tsakiyar fili.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni yau.

Mai wushirya ya karkatar da kai ya saurara. Sai ya sa ƙaho a baki ya maido wa Ɗan Tani takensa daidai, ko ɗigo bai zubar ba. Ya sake busawa, wannan karon ya ƙara masa jela. Ya sake, ya juya shi ta baya. Ɗan Tani ya ɓata fuska ya matse kalangu ya bi shi. Yaron ya kauce, tsohon ya tare shi a gaba. Mai goge ya fizge taken ya yi kuka da shi, mai gita ya karɓa ya farfasa shi, mai ganga yana dariya yana tattara gutsattsarin. Kafin mu ankara take ya bar hannun Alhaji Bawa, ya zagaye fili, ya zama na kowa. Alhaji yana nan tsaye da abin liƙi a hannu, ya rasa goshin da zai manna wa. Daga ƙarshe ya mai da hannu aljihu, ya tsaya yana kaɗa kai kamar sauran mutane.

Ban taɓa ganin mutane suna ba juna wuri kamar yaran nan ba. Idan ɗaya ya ɗauka, sauran su yi ƙasa da nasu har ya faɗi abin da ke ransa, sannan wani ya karɓa, kamar 'yan uwa a kan ƙwarya ɗaya. Idan mai gita ya yi nisa har ka ce ya ɓata, sai ka ji ya ɓullo daidai inda ake jiransa, sauran su dube shi su yi murmushi. Da rana ta yi sanyi, mai ƙaramin ƙaho ya busa shi kaɗai, a hankali ƙwarai, har ƙarar injin ta zama abin haushi. Balbelu suna wucewa zuwa gulbi, fili ya yi tsit, wata tsohuwa kusa da mu tana share ido da bakin mayafi, ba kuwa wanda ya ambaci sunan mamacinta.

A nan ka damƙe mini hannu har ya yi zafi, ka ce, "Attahiru, waɗanga ba roƙo su kai ba. Hira su kai."

Da aka kira magariba suka ajiye kaya. Ba kaset, ba hoto, ko sunan ɗayansu ban riƙe ba. Daga baya ne na ji masana suna cewa jaz ne aka gauraya da kiɗan gida. Ko ma mene ne sunansa, na sha kiɗa a rayuwata, a rediyo da waya da wuraren biki, ban sake jin wanda ya shige ni kamar na yammacin nan ba. Idan akwai wanda ya rage a cikinsu, ko 'ya'yansu, a can Faraku ko wani wuri, ina so su sani wasu samari biyu a Bagudo sun ji abin da suka faɗa. Allah Ya saka musu da alheri.

Kai ka ɗaukar musu ganga har bakin mota. Washegari da safe ka sami Baba ka ce kana so ka bi su ka koya. Ina bayan ƙofa ina ji. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Gidanga ba a taɓa haihuwam maroƙi ba, ba kuwa ga kaina za a soma ba." Ka ce to. Ba ka sake tayar da zancen ba har ka koma ga Allah.

To, Yaya, ga inda na rasa tudun dafawa. Sani biyu na sani.

Akwai wanda in muna korar tsuntsaye a fadama yakan yi ta fito, ya ɗauko taken Alhaji Bawa yana juya shi yadda yaran suka yi, in ya ga ina kallonsa ya tsuke baki ya ce iska ce. Akwai kuma wanda ya tarar da Nafi'u yana ƙarami ya ɗaure leda a bakin gwangwani yana kaɗawa, ya fizge ya wurga bayan katanga, ya faɗa masa maganar Baba kalma da kalma. Ina wurin. Na kuma ga ranar ba ka taɓa tuwo ba, ka ce ciki ne. Wanne ne a cikinsu ya bar mini amanar yaron nan? Wanne zan bi?

Kada ka ce ban auna ba. Ba na raina tsoron Kulu. Hanya ba lafiya kamar da, Kwatano ba Bagudo ba ce, kowa ya bar gida kuwa gida ya bar shi. Na san abin da malamai ke faɗa a kan kiɗa, na san abin da za a faɗa a majalisa in na ba da baya, na san yana da ƙanne mata da za a zo tambayar asalinsu. Yaya Ige ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne. Sai dai ni ma yanzu babban ne, na hanga na hanga, abin da nake gani kawai shi ne kai a fadama kana fito a ɓoye har furfura ta cika maka kai.

Da abin ya ishe ni, na ce masa ya ɗauko ƙahon mu je bakin gulbi da hantsi, nesa da gidaje. Na ce ya busa in ji. Da farko a tsorace yake, yana busawa yana satar kallona kamar mai ba da hadda. Can sai ya ji injin ban ruwa na maƙwabcin gonarmu yana bugawa, ya saurara, ya kama bugun ya fara ba shi amsa. Ya manta da ni. Ya rufe ido, kafaɗa ɗaya a karkace, irin tsayuwarka sak. Ni ba masanin kiɗa ba ne, ba zan ce ya kai yaran nan ba. Amma na waiga dama don in ce maka ka ji, sai na ga ciyawa.

A nan na ba shi labarin filin firamare, da Alhaji Bawa, da gangar da ka ɗauka, da safiyar da ka ce wa Baba to. Bai taɓa ji ba. Ya ce shi duk tsawon rayuwarsa ya ɗauka ka tsani kiɗa, kuma da kana raye da ka tsane shi saboda wannan ƙaho. Wannan ta yi mini ciwo, Yaya. Ina ƙaunarka, amma na ji haushinka a ranar. Yaro yana ta yawo da wannan nauyi, kai kuwa da kalma ɗaya da ka sauke masa.

Na yanke shawara, kuma ba na jin daɗinta gaba ɗaya. Na ce masa ya je. Na gindaya masa sharaɗi: kada ya yi wasa da salla, kada uwarsa ta nemi muryarsa ta rasa, kada kuma ya taɓa kiran sunan wani don a manna masa abu a goshi. Na faɗa wa Kulu da bakina. Ta ce ta bar wa Allah, tun daga nan kuma abinci kawai take aiko mini, ba gaisuwa. Yaya Ige ta koma Bahindi ba sallama.

Nafi'u ya so ya fita da asuba, ya naɗe ƙahon a buhu don kada a gani. Na ce a'a. Ba sata ya yi ba. Ranar kasuwa mai zuwa, da rana tsaka, ni zan goya shi a babur, akwatin ƙahon a kan cinyarsa ba rufi, mu ratsa ta tsakiyar kasuwa, ta gaban mahauta da majalisar dattawa, har tashar motocin iyaka. Duk mai son zunɗe ya zunɗe ni. Ina so gari ya san gidansu ne ya sallame shi, don in ya dawo, da nasara ko babu, ya shigo ta ƙofar gaba.

Ban sani ba ko na yi daidai, ba kuma wanda zai gaya mini sai lokaci. In kuskure ne, ka bar shi a wuyana, ranar da muka haɗu ka ja mini kunne yadda ka saba. Yaron kam kada ka riƙe shi da komai. Izini ya nema kamar yadda ka nema, ni ne na kasa ba shi amsar da aka ba ka.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Baba da Inna, Ya yafe muku kurakuranku. Allah Ya tsare Nafi'u a hanya da masauki, Ya haɗa shi da mutanen kirki, Ya kare masa imaninsa. Allah Ya sanyaya zuciyar Kulu. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin juyo da babur ni kaɗai.

Ƙanenka mai kewarka,
Attahiru, daga Bagudo.