Ba zan sayar da sanka ba

Daga Waca zuwa Yamai, ga jikana Sani.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina aiki, ya mai ɗakinka da yarinyar da har yau ban gani ba? Mu sai godiya, gidan ne dai ya yi mani faɗi tun rasuwar kakarka.

Shekarar da fara ta cinye gero, ubanka na goye, aka share fili aka ce sabuwar kasuwa ce, rumfa araha. Aminina Ɗanladi ya sayar da shanunsa ya kama rumfa. Mutane suka ci gaba da zuwa tsohuwar, don ƙafa inda ta saba take zuwa. Yau ni kaɗai ke tuna wurin.

Na ji saƙonka, wai in sayar da bijimin san da ubanka ya bar maka, ka sayi sunayen shagunan intanet, wato adireshinsu, masu sabon ƙarshe, tunda tsofaffin sun yi tsada, waɗannan ma za su yi. Kuma kowace shekara sai ka sake biya. Wace dabba ce wannan, tana ci ba ta ba da taki? Ban yi boko ba, amma na ga sabuwar kasuwa.

Sanka ne, na sani, amma ba zan sayar ba. Da shi nake hira da maraice.

Gaida mutanenmu, ku sa ni a addu'a. Gobe da safe zan kai ragona kasuwa, in aiko maka kuɗin mota. Ka zo ka zauna kan tabarmata ka fahimtar da ni. In ka kayar da ni, ka ja sanka da hannunka.

Kakanka, Idi.