Mun Rasa Hajiya Cire-Takalmi

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Fama da Ciwon Sukari, reshen unguwarmu, ta samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya kuma Babbar Mashawarciyarta, ƙwararriyar mai harhaɗa magunguna, mai kantin maganin da ke kwanar tasha, Hajiya wadda babba da yaro suka fi sani da Cire-Takalmi, bayan 'yar gajeruwar jinya a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan rashi ya girgiza kowa, amma ya fi yi mana zafi mu da lafiyar ƙafafunmu ke hannunta, musamman da yake ta tafi ta bar wani dattijo a cikinmu, Baba Direba, da gyambo a diddige wanda har yau bai kai shi asibiti ba.

Ga waɗanda ba su san asalin wannan laƙabi ba, marigayiya ta shafe shekaru masu yawa tana bin ƙa'ida guda, ba sani ba sabo: duk mai ciwon sukari da ya shiga kantinta, kafin ta miƙa masa ƙwaya ko allura, sai ya zauna a kan bencin da ke bayan labule ya cire takalmi. Sai ta gyara zaman tabarau, ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, sannan ta kife takalmin ta bubbuga shi a ƙasa. Da farko dattawanmu sun sha ƙorafi, wai ina aka taɓa ganin mutum ya je sayen magani a mayar da shi kamar zai shiga masallaci. Ita kuwa ko a jikinta. Ta yi ta nanata mana cewa ciwon nan yana kashe jin ƙafa a hankali, har mutum ya taka abu bai sani ba. Gardama ta ƙare ne ranar da ta zazzago allurar ɗinki daga takalmin wani tela, wanda ya wuni yana taka ta yana raha da mutane, safarsa duk jini.

Ba a ƙafa kaɗai hidimarta ta tsaya ba. A gaban kantarta da yawanmu muka koyi huda yatsa da karanta abin awon sukari. Ita ta hana mu yanke kantar ƙafa da reza, ta hana mu ajiye magani don kawai mun ji sauƙi, ta koya wa matanmu da 'ya'yanmu gane alamar faɗuwar sukari, wato rawar jiki da zufa da magana ba kan gado, da abin da za su yi nan take. Wanda ba shi da wuta a gida, allurarsa na cikin firjinta. Ga barkwanci kamar me: idan mutum ya yi mata alfaharin ya daina sa sukari a shayi, sai ta yi murmushi ta tambaye shi burodi nawa ya raka shayin. Duk da haka ba ta taɓa shiga hurumin likita ba. Abin da ya fi ƙarfin kanti takan faɗa ƙiri-ƙiri cewa na asibiti ne, ko da mai shi zai fita yana fushi. Wallahi mun yi babban rashi, kuma ba ma jin kunyar cewa mun yi kuka.

A madadin Shugaba, da Mataimakinsa, da Majalisar Dattawa, da ɗaukacin 'yan ƙungiya maza da mata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mijinta, Alhaji mai girma, wanda ya yi haƙuri da mu tsawon shekarun da muke riƙe masa mata a kanti har abinci ya huce, da 'ya'yanta da jikokinta, da ma'aikatan kantinta, da abokan aikinta masu harhaɗa magunguna. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya gafarta mata, Ya sa duk ƙafar da ta tsira ta dalilinta ta zame mata shaida ranar gobe ƙiyama. Allah Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi, Ya albarkaci bayanta, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Daga ƙarshe, da izinin iyalan marigayiya da na 'ya'yan Baba Direba, Ƙungiya na kira na musamman gare shi. Baba, Hajiya ta gaya maka gyambon nan ya wuce na kanti, ka ce sai ta warke ta raka ka asibiti da kanta. Mun gan ka a wurin zaman makoki da takalmi sau-ciki kana ɗingishi, kuma mun ji ka ce ba wanda zai sake ganin ƙafarka tunda ita ba ta nan. To, Alhaji ya shaida mana cikin hawaye cewa a gadon asibiti, numfashi na yi mata wuya, ta tambaye shi ko ka je an duba ƙafar. Don hankalinta ya kwanta, sai ya ce mata ka je. Ta yi hamdala, kuma da wannan ta tafi. Don girman Allah kada ka bar Alhaji, bawan Allah, da nauyin wannan magana a wuyansa. Gobe da safe Mataimakin Shugaba zai tsaya a ƙofar gidanka da mota, kuma ba zai tafi ba sai da kai.

Sa hannu:
Malam Dogo Mai Gyaran Agogo,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Fama da Ciwon Sukari.